Gayyar da Ta Shiga Fayil

Ɗas. Sai a ɗan jima, ɗas. Ɗigon ruwa idan ya faɗa cikin kwano yana da amo, har yaro yakan tsaya ya saurara. Wannan kuwa ba shi da amo, kamar an ɗora yatsa a kan kwali an ɗauke. Shekaranjiya da la'asar na ji shi a ɗakin ajiyarmu, ruwan Agusta ya sami 'yar kafa a rufi yana sauka a kan kwalin taliya. Na ɗauko roba zan tara, sai na tsinci kaina tsaye riƙe da ita, hankalina ya tafi wata damina can baya, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar ruwa. Irin wannan ƙarar ce ta tashe ni daga tsintar wake a ranar uku ga watan, kuma daga nan komai ya faro.

Lokacin ba mu fi shekara ɗaya da tarewa a gidanmu na Zuru ba. Maigidana, Abban Ummi, lauyan gwamnati ne a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa, ya iso jikinsa duk a mace saboda ramukan hanyar Rijau. Aikinsa ba irin na lauyoyin da ake gani da baƙar riga a kotu kullum ba ne. Idan soja ko iyalinsa suka yi ƙorafi cewa an cuce su wajen magani a asibitin soja, takardun sukan zo teburinsa. Shi zai karanta bayanin likitoci, ya ji ta bakin mai ƙorafi, sannan ya rubuta wa manya shawara: ko a biya diyya a huta, ko gwamnati ta tsaya a je kotu. Mutum ne mai tsantseni har yakan ba ni haushi. Akwai ranar da wani tsoho ya kawo mana zabi biyu, wai gaisuwa, Abban Ummi ya bi shi har tasha da zabin a hannu suna ta fuka-fuki, mutane na kallo.

Ni 'yar Yawuri ce, a gidanmu mata ba sa zuwa gona. Da muka zo Zuru na tarar mace da hauyarta kamar mace da tsintsiyarta. Kawun maigidana ya ba mu aron wata gona a gindin dutse, bayan gari, sai na ce ni ma zan gwada. Na sa aka shuka dawa, aka ratsa ta da wake. Gonaki takwas ne a jere a wurin, tawa ta biyar, sauran bakwai duk na matan wani ƙauye ne da ke kan dutsen, Kiristoci, yawancinsu matan sojoji ko iyayen sojoji. Wadda muke iyaka da ita sunanta Saratu, muna ce mata Maman Laraba. Doguwar mace, mai ƙarfi, mai dariya da dukan jikinta. Ranar kasuwa takan sauko da daddawa da man kaɗe, ta ajiye mini 'yarta Laraba, mai shekara biyar, su wuni da Ummina suna dafa ƙasa a gwangwani. Mijinta kuwa sau biyu na taɓa ganinsa daga nesa, ana ce masa Soja, kullum hannunsa na dama a cikin aljihu.

Damina ta yi kyau a shekarar, amma ta zo da zazzaɓi. Ya kwantar da ni mako uku cur, daidai lokacin maimai, wato noma na biyu. 'Yan ƙodago duk suna gonakin iyayensu, ba wanda za ka samu. Ranar da na fara jin ƙarfi na hau babur ɗin kabu-kabu na tafi, don na san harƙiya ta riga ta haɗiye dawar. Ina sauka na hango mata bakwai a duƙe cikin gonata, zannuwa ɗaure a ƙugu, suna waƙa da yarensu, hauyoyi na sauka tare kamar hannu ɗaya. Bayansu ƙasa ta yi baƙi wuluk, dawa ta miƙe tana shan iska.

Na ce, "Maman Laraba, wa ya kira ku?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Layi ya zo kanki. Koma inuwa, kar ki faɗi mu bar noma mu koma ɗaukar Hajiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, amma Hajiya suke ce mini, saboda hijabin da nake zuwa gona da shi. Na zauna a gindin kaɗanya ina hawaye. Da na nemi in ba su wani abu, wata tsohuwa cikinsu, Baba Asabe, ta harare ni har na ji kunya. Gayya ce, ba ƙodago ba. Na koma gida ina sa musu albarka, ban ga komai a ciki ba sai alheri.

Kwana goma bayan nan aka ga wata.

Duk wanda ya yi azumin damina a Zuru ya san ba ƙishi ne wahalarsa ba. Gari a lumshe, iska mai sanyi na saukowa daga duwatsu, wani lokaci har azahar ba ka tuna da ruwa ba. Wahalar tana cikin tukunya. Watan ne da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Dawa ta yi tsada, tumatir ya ɓace, itace duk a jiƙe, sai ka hura wuta idonka na zubar da ruwa hayaƙi ya cika madafi. Kayan wanki sukan kwana uku a igiya suna warin danshi. Shan ruwanmu kunun tsamiya ne da ƙosai, sai kwaɗon zogale ko na rama, in an dace a sami ɗanyar masara a gasa. Na saba da tsarin: da hantsi in jiƙa wake, bayan azahar in surfa in kai niƙa, la'asar in dama kunu, kwaɗi na ta kuka a kwatar bayan gida tun rana ba ta faɗi ba.

Abban Ummi ya iso ran biyu ga azumi da jakarsa mai nauyi. Washegari bayan azahar ya tafi tafsiri, ya bar wani fayil a kan teburin ɗakinsa. Hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece. Ina zaune a falo da faranti a cinya sai na ji ɗas, ɗas. Na leƙa, na ga rufi yana yoyo daidai kan fayil ɗin, bangonsa ya riga ya jiƙe ya yi duhu.

Ban taɓa buɗe takardunsa ba. Amma tawada na gani tana narkewa, sai na kwance igiyar na shimfiɗa tabarma na fara jera su ɗaya bayan ɗaya don su sha iska. A ta huɗu ko ta biyar aka manna hoto. Mutum ne tsaye, ya ɗaga hannunsa na dama gaban ƙirji. Babban yatsa kaɗai ya rage, sauran wurin a dunƙule, hannun ya ƙanƙance kamar busasshen rogo. Na dubi fuskar. Soja ne, mijin Saratu. A ƙasa an rubuta Kofur Ango Bawa.

Turancin sakandarena ya ishe ni in gane abin da ban so ganewa ba. Ya faɗo daga motar aiki a wata bariki can nesa da nan, ya karye. Aka ɗaure hannun da filasta, aka matse fiye da kima. Kwana uku yana cewa yatsunsa sun yi sanyi, sun fara baƙi, ana ce masa soja ba ya raki. Da aka fasa filastar, sai yanka. Aka sallame shi daga aiki. Takardar farko da ya rubuta ta shekara huɗu. A can ƙarshe na ga rubutun maigidana, wanda na sani kamar tafin hannuna, shafi uku, ya riga ya sa hannu: a biya shi.

Na zauna a bakin tabarmar, ruwa na ta dukan kwano. Na tuna zabin nan biyu. Wanda ya mayar da zabi, yaya zai yi da noman gona guda?

Ba zan ɓoye ba, zuciya ta raya mini in yi shiru. Wa zai tashi daga Abuja ya zo gindin dutse ya tambayi wanda ya nome wa matar lauya dawa? Na mayar da takardun da suka bushe, na soya ƙosai, na ƙona kasko biyu. Da aka kira magariba na kai dabino bakina, sai na ji ba zan iya haɗiye shi da wannan abu a ciki ba. Na bari ya sha kunu, ya yi salla, sannan na durƙusa gefensa na faɗa masa duka, har da buɗe fayil ɗin.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Su nawa suka yi noman?"

"Bakwai."

"Har da matarsa?"

"Ita ce a gaba."

Ya ce, "Inna lillahi." Ba da faɗa ba, a hankali. "Maman Ummi, ni lauyan gwamnati ne, ba nasa ba. Abin da ya sa in na ce a biya ake saurarena ke nan. Akwai waɗanda ba sa son a biya mutumin nan, don biyansa amsa laifi ne. Ranar da ɗayansu ya ji matarsa ta yi wa matata noma, shafi ukun nan sun zama takardar ƙosai. Za a ce a je kotu. Kin san shekara nawa kotu take ci? Mai hannu ɗaya, da wane ƙarfin zai bi ta?"

Na ce, "To kar a ji mana."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"A Zuru? Inda kowane gida akwai soja? Ni zan faɗa da kaina, a rubuce, kafin wani ya faɗa. Ke kuma daga yau ba ke ba su. Ba gona, ba aike, ba kwanon abinci, yarinyar nan ma ta daina wuni a nan har a gama."

Na amsa da to. Na kwashe kwanuka na kai madafi, ina wankewa ina juya maganar. Sai na dawo hannuna da kumfa.

"Abban Ummi, in yi magana?"

"Ina ji."

"Zabin nan da ka mayar, ka mayar ne don kar su zama kyauta. To noma ba ya mayaruwa a hannu. In na ɗauke ƙafa yanzu, shi ke nan na ci, ya tabbata kyauta suka yi mini. Amma gayya ba kyauta ba ce. Yau gonarki, gobe tawa. Mako mai zuwa za su fara zagayen tada kunyar dawa. In na shiga na yi musu, su bakwai ɗin duka, ba ita kaɗai ba, na zama ɗaya daga cikinsu, an yi mini na yi. Sai ka rubuta gaskiyar hakan."

Ya cire tabarau ya goge. "Ke da ba ki taɓa wuni da hauya ba? Da azumi? Jiya-jiya kika tashi daga zazzaɓi."

"Da rabin yini ake tashi."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, yau an koya mini shi a bakin murhu." Amma a kan maganar gida bai sassauta ba. Gona kawai, a gaban idon kowa. Ba shiga gida, ba kwano, ba Laraba.

Da safe na tafi. Na sami Saratu a gyaɗarta, raɓa ta jiƙe mata zane har gwiwa. Muka gaisa, na tambayi mutan gida, sannan na ce, "Maman Laraba, kin san aikin maigidana?"

"Lauya. Duk dutsen nan an sani."

"Kin san takardar Baban Laraba tana hannunsa?"

Ta miƙe, ta dafa ƙugu. "Mun ji. Ɗan ƙanen Baba Asabe yana aiki can, shi ya faɗa tun bazara."

Na ce, "Kin sani kika zo gonata?"

"Shi ma Soja ya ce kar in zo. Har faɗa muka yi. Na ce mishi, mace na kwance ba lafiya, layi ya zo kanta, in tsallake? Gobe a ce Saratu ce ta fara tsallake gona a wurin nan? Uwata ba ta yi ba." Ta nuna iyakarmu da hauya. "Kuma harƙiyarki ta fara zuba 'ya'ya cikin gyaɗata. Ki bar ganin kamar don Allah kaɗai na yi."

Na yi dariya ban shirya ba. Sannan na faɗa mata abin da ke ƙasa, da abin da maigidana zai rubuta, da shigata gayya. Duk ta gyaɗa kai. Sai a ƙarshe na zo kan Laraba, cewa ba za ta ƙara wuni a gidanmu ba har a gama.

Ta ce, "Yarinyar ma takarda ce?"



Ta duƙa ta ci gaba da cirar ciyawa. Har na juya zan tafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Talata, gonar Baba Asabe. Ki zo da hauya mai ɗan nauyi, ba wannan cokalin naki ba."

Haka na yi ranakun nan bakwai, Talata da Juma'a, Talata da Juma'a. Bayan asuba in ɗaura wa Ummi riga in kai ta gidan kawu, in hau kabu-kabu cikin yayyafi. Dawa ta kai kafaɗa, ganyenta na yankar hannu, raɓa na zubo maka a wuya. Aikin shi ne ka ja ƙasa daga kwari ka tara a gindin dawa don kar iska ta kayar da ita. Ƙasar damina nauyi gare ta, takan manne wa hauya kamar tuwo. Ranar farko kafin hantsi tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, kafin mu tashi sun fashe. Suna gama kunya uku ina kan ta fari. Baba Asabe, wadda ta haifi sojoji huɗu, takan gama tata ta dawo ta tare ni daga ɗaya bakin.

"Hajiya, ƙasar kike ja ko kwalli kike sa mata?"

Wata ta ce, "Ku bar ta, noman lauyoyi ne, sai an karanta kowace ciyawa kafin a cire."

In rana ta fito bayan ruwa, nan ne ake jin azumi. Zafi yakan taso daga ƙasa, mai tururi, cikin dawa ba iska. Harshena yakan manne, in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar in ɗiba in ci. Wajen sha ɗaya mai gona takan kawo kunu da dafaffiyar masara. Ranar farko suka zauna nan kusa da ni suka buɗe, sai Saratu ta faɗi wata magana da yarensu, duk suka kwashi kwanukan suka koma bayan wani dutse. Tun daga ranar, a can suke ci. Ina jin motsin ludayi da dariyarsu, ni kuma ina gindin itace ina tasbihi da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. In sun dawo Baba Asabe takan dubi sama ta ce, "Yi haƙuri Hajiya, rana ta kusa faɗuwa. Saura awa bakwai kacal."

Da na isa gida nakan yi wanka, in yi azahar, in kwanta a kan siminti don sanyinsa. Sannan wake, niƙa, kunu, hayaƙi. Ban taɓa jin daɗin ruwa irin na magaribar waɗannan ranaku ba. Kofin farko ina jin saukarsa har yatsun ƙafa. Kuma abin mamaki, barci nake yi mai daɗi, zuciyata wasai.

Gonar Saratu ce ta shida a zagayen. Ranar na ga Kofur kusa da kusa. Yana can gefe shi kaɗai da 'yar gajeruwar hauya a hannun hagu, yana ja, tana zamewa, yana sake ja. Namiji ba ya shiga gayyar mata, amma ya kasa zama. Da sauran suka tafi bayan dutse cin abinci, sai ya tako ya tsaya nesa kaɗan, ya ƙame kamar gaban babba.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa, sannu Baban Laraba."

Ya dubi hannuwana da na naɗe da tsumma. Ya buɗe baki. "In kin koma, ki ce wa Barista..." Sai ya tsaya. Ya haɗiye maganar. "A'a. Kar ki ce mishi komi."

Ya juya ya koma wurin hauyarsa. Ni ma ban faɗa wa maigidana ba sai bayan shekaru.

Mun gama ta bakwai ana saura kwana uku salla. Abban Ummi ya riga ya kai ofis takardar da ya bayyana maganar noman. Ya ce shugaban sashensu, mutumin kudu, ya karanta sau biyu ya ce a yi masa bayanin gayya, ya zana gonaki takwas a bayan ambulan yana ƙirgawa. Ƙarshe dai ya zare shafi ukun nan ya kulle a durowa, ya miƙa fayil ɗin ga wani lauya da bai san Zuru ba, ya ce ya karanta daga farko shi kaɗai. Abin da wannan ya gani, shi za a bi. Ba a tafi kotu ba, amma ba a biya ba. An koma jira.

Ranar salla na dafa shinkafa da miyar kaji, na zuba wa maƙwabta, na aika wa Baba Asabe da sauran biyar ta hannun ɗan kabu-kabu. Kwano shida. Na bakwai na ɗauko shi, na riƙe, na mayar kan kanta.

Abin da ya fi ci mini rai ranakun kasuwa ne. Hanyarsu ta ƙofar gidanmu take. Ummi takan ji muryarsu ta ruga zaure tana kiran Laraba, ni kuma in riƙo ta. Saratu takan ɗaga murya daga waje, "Maman Ummi, mun wuce!" In amsa daga ciki, "A sayar lafiya!" Yarinyar ta koma wuni a kasuwa, a ƙarƙashin teburin uwarta, cikin rana da caɓi. Sau ɗaya na leƙa ta kafar ƙyaure na gan ta tana tafe tana waiwayen ƙofarmu har suka sha kwana.

Ruwa ya ɗauke. Muka cire wake, dawa ta sunkuyar da kai ta yi ja. Aka yi gayyar yanka, na shiga, yanzu ba mai tare ni daga ɗaya bakin. Na sami dami goma sha huɗu, na fitar da zakka, muka ci tuwon sabuwar dawa mai ƙamshi. A gona ni da Saratu muna hira kan komai, tsadar gishiri, ciwon bayan Baba Asabe, haƙoran yara, ban da abu ɗaya. Kirsimeti ya zo, ita ma ba ta aiko ba. Duk ƙarshen wata in dubi fuskar maigidana in ya shigo, shi kuma ya ce, "Ba a hannuna yake ba, Maman Ummi." A sujada nakan ce, ya Allah, kar ciyawar gonata ta zama sanadin haƙƙin bawanka. Na san ko an biya shi, ni na ƙara masa watannin nan.

Yanzu wurin ya canja. Gonaki uku cikin takwas sun zama gidaje, sauran kuma feshi ake yi musu, yaro ɗaya da tanki a baya ya gama abin da muke wuni muna yi. Azumi ya zagayo cikin rani, muna shan ruwa da ƙanƙara. Abban Ummi ya yi ritaya, ya ce takardun ma yanzu a na'ura suke, ba ruwan da zai jiƙa su. Ummi tana goyon nata. Tafin hannuna ya koma laushi, sai wani ɗan tauri guda a gindin yatsa da ya ƙi tafiya.

A wancan lokacin dai, jiran ya kai mu har bazara. Zafi ya tsananta, rijiyarmu ta ja baya, mangwaro ya cika kasuwa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshin, aka fara gyaran hauyoyi. Wata ranar kasuwa da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, Ummi na barci a tabarma, sai na ji sallama 'yar siririya daga zaure. Na aza 'yar talla ce, na ce a shigo. Ba a shigo ba. Na karkaɗe hannu na fita.

Laraba ce. Ta yi tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita. An yi mata sabon kitso, an sa mata rigar zuwa coci ranar da ba Lahadi ba. Can bakin hanya uwarta na tsaye da tallan daddawa a ka, ta juya baya wai tana kallon masu wucewa, amma kafaɗunta na rawa. Yarinyar ta jera yatsun ƙafarta daidai bakin dokin ƙofa, ko ɗaya bai haura ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Maman Ummi, Baba ya ce takarda ta zo, an yarda. To yanzu in shigo?"